Shekarar da Aka Sauya wa Motar Lawan Birki

Kun taso kuna jin cewa mahaifinku ne ya yi sanadin mutuwar Lawan, ɗan wansa. Ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku, amma kun ji a bakin rijiya, kun ji a makaranta, kun kuma gani a fuskokin mutanen gidanmu na ƙauye duk lokacin da muka je gaisuwar Sallah. Ni ma ban taɓa musa muku ba. Yanzu mahaifinku ya rasu, wansa Baba Inuwa ya bi shi, Inna Hanne ma ta cika a daminar da ta wuce, babu sauran wanda maganar za ta karya. Zan faɗi abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji. Inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

Gidan da aka kawo ni amarya zaure ɗaya ne da sassa biyu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bici da Watari, inda gona ke jingine da gona, ba ka samun ko taku ɗaya na ƙasa da ba mai shi. Baba Inuwa ne babba, shi ke riƙe da gandu. Shi ke cewa yau dawa za a nome, gobe gyaɗa, shi ke buɗe rumbu, Inna Hanne matarsa ta auna mana hatsi ni da ita. Mutum ne marar yawan magana, mai tsananin kula da kaya. Bai yarda ƙarfe ya kwana a raɓa ba. Duk shekara idan kaka ta yi sai ya tattara fartanyoyi da garma da lauje da gatari, har da almakashin matan gidan, ya zauna da kwanon man gyaɗa da tsumma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kankare tsatsa ya shafe su. Haka ya ga mahaifinsu yana yi. Mahaifinku kuwa a garejin birni ya yi ƙuruciyarsa, ya koyi gyaran mota, bai dawo gida ba sai da tsohonsu ya rasu. Da safe yana gandu tare da wansa, da yamma yana gindin darbejiyar da ke garka bayan sashenmu, inda ake kawo masa injin ban ruwa da babur, wani lokaci da motar haya da ta ƙi tashi. Ban taɓa jin su biyun sun ɗaga wa juna murya ba.

Lawan ɗan fari ne a wurin Baba Inuwa. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan sosai ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. Idan zai yi maganarsa sai ya ce "wancan", ko "yaron Habu", wato yaron mahaifinku. Tun da aka yaye shi aka miƙo shi sashenmu, a lokacin ni ko haihuwa ban yi ba. Ni na goya shi, mahaifinku ya sa shi makaranta, shi ya koya masa riƙe sifana. Yana ce wa mahaifinku Baffa, ni kuma Inna Ƙarama. Da ya girma sai ya shiga fataucin albasa, yana lodi daga Watari zuwa kudu, Allah ya buɗa masa. Bai yi aure ba tukuna, ana dai maganar wata yarinya a Dawakin Tofa. A shekarar da nake ba ku labari, ana tsakiyar damina, ya shigo ƙauye da mota.

Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, irin wadda ake ƙerawa don gudu kawai. Ba sabuwa ba ce, 'yar Kwatano ce, amma ba a taɓa ganin irinta a burtalinmu ba. Sai da aka riƙa cike ramuka da kara kafin ta iso ƙofar gida. Kafin yamma mutanen gari sun sa mata suna Kwaɗo. Mai shayin bakin masallaci ya tambayi Lawan buhun albasa nawa take ɗauka, ya ce masa ita mai albasar kawai take ɗauka. Inna Hanne ta leƙa ciki ta ga kujera biyu, ta ce to ranar ɗaukar amarya gwaggwanni a kan rufi za su zauna ke nan. Baba Inuwa kuwa ko kallonta bai yi ba. Idan zai tafi masallaci ta ɗaya gefen yake bi, kamar bai ga an ajiye wani abu ba. Amma Inna Hanne ta faɗa mini a asirce cewa a ɗaka ya tambaye ta ko abin nan da wancan ya kawo yana da abin da ke tsayar da shi.

Mahaifinku ya tuƙa ta zuwa Bici ya dawo, Lawan na gefensa. Da suka tsaya ya fito ya kara tafin hannunsa kusa da tayar gaba, ya janye.

"Ƙafarta ta fi birkinta," ya ce. "In ka taka da ƙarfi a jere sai ya yi zafi ya saki. Ko ka rage gudu, ko a sauya shi."

"Baffa, in don a rage gudu ne ai da jaki na saya."

"To a sauya."

Lawan ya sayo kayan a birni, cikin kwalaye, ya ce ba wanda zai taɓa masa su sai Baffansa. Wasu sun ce daga baya rowa ce ta sa aka yi aikin a gida. Ba haka ba ne. Lawan ba marowaci ba ne, yarda ce da bai yi da kowa ba sai mutum ɗaya. Aka tura motar cikin garka, aka ɗaga ta da jak, aka ɗora ta a kan bulo, aka cire tayoyin duka. A lokacin an yanke gero, dawa ta fara nuna. Abin da za a sauya kalifa suke ce masa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan da ke juyawa tare da taya. Idan an taka birki, man birki ya turo, sai kalifa ta matse faifan ta gefe biyu da wasu 'yan ƙarafa masu kauri da suke kira fad. Sababbin sun fi tsofaffin girma nesa, jajaye kamar motar, faifansu ma sabo ne mai faɗi. Ina kai musu kunun zaƙi ina ganin yadda aikin ke tafiya. Mahaifinku ya shimfiɗa buhu ya jera kowane noti a gurbinsa, ba ya barin ko ɗaya ya taɓa ƙasa. Na tuna Lawan ya ɗaura ta hagu a dama. Mahaifinku yana kallo, ya bar shi har ya gama ɗaurewa tam, sannan ya nuna masa ɗan notin da ake fitar da iska ta nan, ga shi yana kallon ƙasa. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin iska a cikin ruwa ta nufi ƙasa. Lawan ya yi dariya ya ce da Baffa ya faɗa tun farko ai da bai yi gumi ba. Mahaifinku ya ce gumin ne zai sa ya tuna. Lawan ya kwance ya sake.

Aikin ƙarshe shi ne fitar da iska daga bututun mai, kuma ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Mahaifinku zai kwanta a gindin kowace ƙafa da sifana da ɗan tiyo da kwalba, Lawan zai tsaya a gaba yana ƙara mai kada tulun man birkin ya bushe, ana bukatar wanda zai zauna a kujera ya taka. Babu wani namijin a gida, duk suna gonar gyaɗa. Lawan ya leƙo ta kan danga ya kira ni. Na ce ni da ko keke ban taɓa hawa ba. Ya ce ai motar ba ta da ƙafa, in na iya tayar da ita a haka to shi ya bar mini ita kyauta. Na wanke hannu na gyara mayafi na shiga. Kujerar ƙasa take sosai, kamar mutum ya zauna a tabarma. Mahaifinku ya ce idan ya ce taka in taka, idan ya ce riƙe kada in ɗaga ko da kunama ce ta hau ni, sai ya ce saki. Da farko abin da nake takawa laushi ne da shi kamar gwandar da ta nuna, yana nutsewa har ƙasa. Muna tafiya ƙafa bayan ƙafa yana ƙara tauri. Ina jin muryarsa daga ƙarƙashi, taka, riƙe, saki, Lawan yana ce mini Inna direba, yana cewa gobe ni zan kai albasa kudu. Da muka gama ƙafar ƙarshe na taka na ji kamar na taka dutse. Mahaifinku ya shigo ya gwada da kansa, ya danne ya daɗe, bai nutse ba. Ya zaga da tsumma fari ya goga kowace mahaɗa, ba ɗigo. Wannan da ƙafata na ji shi, ba wani ne ya ba ni labari ba. Aikin mahaifinku lafiya yake.

Da aka zo mayar da tayoyi sai suka ƙi shiga. Sabuwar kalifa ta yi girma, tana gogar wili ta ciki, wato ƙarfen da ake sa wa robar taya. Sai an samo wili mai faɗi daga birni, wanda aka aika kuma ya yi ta jan ƙafa. Motar ta zauna a kan bulo babu taya. An rufe samanta da tamfol, ƙafafun suna waje. Aka yi ruwan ƙarshe na shekarar, raɓa ta biyo baya, faya-fayan nan masu ƙyalli suka yi jawur da tsatsa. Mahaifinku bai damu ba. Na ji yana ce wa Lawan tsatsar sama ce, birkin farko zai share ta.

Wata safiya, gari ya waye sosai, na shiga garka in tsinko kuɓewa. Mahaifinku ya fita da wuri, Lawan ya kwana a Watari wajen lodi. Sai na tarar da Baba Inuwa a tsugune a gindin ƙafar gaba, ga kwanonsa na man gyaɗa a gefe. Ya kankare tsatsar, yana shafa mai yana juya faifan da hannu, yana tura tsumma har cikin kalifa inda yatsa ba ya kaiwa. Ya riga ya gama na baya, suna sheƙi. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta wan miji, na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Har na juya ya kira ni da sunan da yake kira na tun ranar da aka kawo ni.

"Amarya."

"Na'am, Yaya."

"Ba sai kin ce kin gan ni ba."

Na gane abin da yake nufi. Mutum ne da bai taɓa shafa kan ɗansa ba, ga shi ya sami abin ɗan da zai shafa babu mai kallo. Na koma ɗaki ina jin daɗi a raina. Ban san mai yana hana birki kamawa ba. Shi ma bai sani ba. A wurinsa ƙarfe ƙarfe ne, kuma maganin tsatsa ɗaya ne.

Wilin ya iso ranar da mahaifinku yake Watari yana gyara wa wani injin ban ruwa. Ya riga ya faɗa wa Lawan kada ya fita da motar sai yana nan, domin sabon birki a hankali ake koya masa hanya kafin a ba shi gudu. Lawan bai jira ba. Shi da direban da ya kawo kayan suka ɗaura tayoyin bayan azahar, suka sauke ta daga bulo. Ko ya lura faifan ya yi fes, ko ya ɗauka Baffansa ne ya goge, ban sani ba. Ina tsakar gida ina tsinkar gyaɗa ya leƙo ya ce Inna direba ta zo a zaga da ita, na ce ya bari sai na yi sabon zane. Ya ce titi kawai zai taɓa ya dawo. Daga gida zuwa titi yashi ne, mota ba ta gudu, ko ba ka taka komai ba yashi na riƙe ta. Da ya hau kwalta ya sake ta. Akwai kwana kafin kwalbati a hanyar Bici, a nan ya tarar da amalanke ɗauke da damin gero tana tsallakawa. Waɗanda ke gona kusa da wurin sun ce sun ga jar fitilar baya ta kama, amma motar ba ta rage ba. Ya kauce wa shanun da mai su, ya daki kwalbati. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Aka yi masa sutura a gida, aka kai shi kafin magariba. Babu sawun taya a kan kwalta, kowa ya gani, kowa kuma ya san wanda ya ɗaura birkin.

Washegari aka jawo motar da tarakta aka mayar da ita garka. Gabanta ya shige ciki, amma ƙafafun baya ba abin da ya same su. Mutane suna zaure wajen zaman makoki, mahaifinku ya sulale ya shiga garka shi kaɗai. Na bi shi da ruwa domin tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Na tarar ya cire tayar baya ɗaya. Ya goga yatsa a faifan, ya murza, ya kai hanci. Ya zare fad ɗin ya shinshina. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi da hannunsa ya wanke faya-fayan nan da fetur ranar da aka fito da su daga kwali, don kada ko maiƙon hannu ya zauna a kansu. Ya tambaye ni wa ya shigo garka. Na faɗa masa. Na faɗa masa har abin da Yaya ya ce mini. A nan ne na fahimci abin da na gani, domin na ga fuskarsa.

Ya ce in ɗauko masa galan ɗin fetur da ke ɗakinsa, da yashi mai laushi a kwarya. Na tambaye shi me zai yi. Ya ce Yaya ya aika Bici a kira wani makanike ya zo ya duba motar gobe, kuma duk wanda ya san aiki da ya taɓa zai gane.

"To ai sai a gane, Malam. Ana cewa kai ne."

"In aka gane man gyaɗa ne, wa ke shafa wa ƙarfe man gyaɗa a garin nan?"

Na ajiye kwaryar yashin a gabansa.

"Ni ana zagina zan iya cin tuwo," ya ce. "Shi in ya sani ba zai ƙara haɗiyar loma ba. Zuba mini."

Na zuba masa. Ya bi ƙafafun nan duka, har na gaba da suka lanƙwashe, ya wanke, ya goge da yashi, ya babbaka fad ɗin a wuta har maiƙon ya ƙone, ya kankare su ya mayar. Muna jin muryoyin masu ta'aziyya ta bayan danga. Bai yi sauri ba, yadda yake kowane aiki haka ya yi wannan. Da ya gama ya wanke hannu da toka ya koma zaure ya zauna kusa da wansa.

Makaniken ya zo ya duba, ya ga ko'ina a ɗaure, ba inda mai ya zuba. Ya rasa abin faɗa, sai ya ce irin wannan kalifa ba don wannan mota aka yi ta ba, kuma irin wannan aiki ba a gida ake yin sa ba. Ban riƙe shi a raina ba, abin da aka bar masa ya gani ke nan. Bayan an tashi daga zaman makoki Baba Inuwa ya kira mahaifinku zaure, da liman da wani dattijo ɗan'uwan mahaifinsu. Ina bayan ƙofa. Ya tambaye shi ko da hannunsa ya ɗaura, ya ce da hannunsa. Ya tambaye shi ko ya duba kafin a fita da ita, ya ce ba ya nan aka fita da ita, amma aikin nasa ne, shi ya ce a sauya. Liman ya yi nasiha a kan ƙaddara. Baba Inuwa ya saurara har ƙarshe. Daga nan ya yi magana, kuma wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinsa.

"Na ba ka Lawan tun yana ɗan yaye. Ban taɓa tambayarka yadda ka yi da shi ba."

Mahaifinku ya ce haka ne.

Ba a kore mu ba, kada ku ce an kore mu. Amma Inna Hanne ta daina fitowa tsakar gida idan ta ji takun mahaifinku. Ta daina karɓar abincin da na dafa ranar girkina. Ban ga laifinta ba, ita ma ɗan fari ne a wurinta, ba ta da ikon yin kuka a gaban mutane, sai abin ya koma ciki. Da aka gama shigar da dawa Baba Inuwa ya ce a raba gandu. Aka kira dattawa aka taka gonaki. Mahaifinku ya ce a ba shi ta jigawa, wadda ba ta yin komai sai gero da wake, ya bar musu ta fadama. Kafin shuka muka kama ɗakuna a Bici. Ya yi zaton zai ci gaba da gyara, amma labari ya riga mu isa. Ba wanda ke kawo wa mutumin da birkinsa ya kashe ɗansa mota. Masu babur ma sai wanda ya rasa yadda zai yi. Ya tattara sifanunsa a akwati ya kama aiki a wurin mai injin niƙa, yana dawowa fari fat da gari, a nan ya samo tarin da bai rabu da shi ba. Ke Rabi kin tuna ranar da kika dawo daga makaranta kika ƙi cin abinci, kika ƙi faɗin dalili. Kai Sabo ka tuna haƙorin da ka rasa a faɗa. Na san abin da aka faɗa muku. Sau ɗaya na sake tayar masa da maganar, muna gonar jigawa muna roron wake. Na ce ko don yaran nan. Ya ce yara za su girma su sami abin yi, tsoho ba shi da inda za shi. Na yi fushi da shi har na daina yi masa magana sai ta dole, na ɗauki lokaci a haka. Ban ce ya yi daidai ba, ban kuma ce ya yi kuskure ba. Ku ne kuka biya wani ɓangare, ba a kuwa tambaye ku ba.

Duk Sallah yana kai mu gaisuwa. Ya durƙusa a zaure ya gaishe da wansa, a amsa masa a taƙaice, ya ajiye goro ya fito. Haka aka yi ta yi har kuka yi aure. Baba Inuwa bai taɓa tako ƙafarsa gidanmu na Bici ba sai da ciwon mahaifinku ya yi tsanani, aka faɗa masa ba ya iya tashi. Ya zo a bayan babur, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Na shimfiɗa masa buzu a gefen gado na koma bakin ƙofa. Suka gaisa. Suka yi maganar damina, da rijiyar gida da ta rufta, da wanda ya mutu da wanda ya rage cikin sa'anninsu. Har ya ɗauki sandarsa kamar zai tashi, sai ya ajiye.

"Habu, na daɗe da abin nan a raina. Ba na so ɗayanmu ya tafi da shi. Abin da ya faru, na yafe maka duniya da lahira."

Ina tsaye da kwanon kunu a hannu. Mahaifinku ya dube ni ta kan kafaɗar wansa, kallo ɗaya, sannan ya mayar da ido gare shi. Ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Na gode, Yaya. Allah ya saka maka da alheri."

Na shiga na ajiye kunun a gabansu na fita.

Da mahaifinku ya cika, Baba Inuwa ne ya ce a kawo shi ƙauye kusa da mahaifinsu, shi ya tsaya a kan wankansa. A gaban jama'a ya ce ya yafe wa ƙaninsa, kowa ma ya yafe masa. Mata suna shigowa yi mini ta'aziyya suna yabon girman zuciyarsa, ina cewa haka ne, domin haka ɗin ne. 'Ya'yansa da suka rage 'yan'uwanku ne, ba su san komai ba, ban kuma rubuta wannan don ku kai musu ba. Babu haƙƙin da za ku je karɓa a wurin kowa. Abin da nake so kawai, idan aka ambaci sunan mahaifinku a taro, ku daina sunkuyar da kai.